Wasiƙun da suka tsaya a madadin kabari

A ranar 25 ga Afrilun kowace shekara, tun kafin ketowar alfijir, mutanen Ostiraliya kan yi dafifi a dandalin tunawa da mazan jiya na garuruwansu domin juyayin ranar da sojojinsu suka sauka a gaɓar Gallipoli ta ƙasar Turkiyya a 1915. Ana busa begila, ana ajiye furanni, shugabanni su yi jawabi a kan jarumta. Ban raina wannan taro ba, sai dai a ganina wanda yake son sanin abin da yaƙi ya yi wa ƙasar, ya buɗe takardun da sojojin suka rubuta da hannunsu.

A lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya mutanen Ostiraliya ba su kai miliyan 5 ba, amma fiye da 60,000 ne suka mutu a fagen daga, kuma dukkansu da ƙafarsu suka shiga soja, domin sau biyu, a 1916 da 1917, jama'a suka ƙi amincewa da dokar tilasta aikin soja a ƙetare. Ba a dawo da gawarwakinsu gida ba. Inda mutum ya faɗi nan ake binne shi, a Turkiyya ko Faransa ko Beljiyam, wuraren da sai an shafe fiye da wata guda a jirgin ruwa kafin a isa, tafiyar da talaka ba ya ko mafarkinta. Duk wanda ya san yadda zuciya ke ɗan samun sauƙi idan an ga gawa an raka ta makwancinta zai gane nauyin wannan rashi. Uwa ba ta ga gawar ɗanta ba, ba ta san kabarinsa ba, abin da ya rage mata shi ne ƙunshin wasiƙu a cikin akwati.

Saƙon mutuwa ta wayar tangarahu yake zuwa, kuma sau da yawa limamin coci ake ba ya kai wa iyali, har ta kai mutane na fargabar ganinsa ya nufo ƙofarsu. Abin da ya fi taɓa mini rai shi ne cewa waya ta fi jirgin ruwa sauri, saboda haka bayan an gama kuka wasiƙun mamacin kan ci gaba da isowa, yana tambayar lafiyar gida, yana godiya da safar da aka saƙa masa. Daga gida kuwa akan cusa furen bagaruwar Ostiraliya ko ganyen turare a cikin ambulan, don yaro ya shaƙi ƙamshin ƙasarsu a cikin ramin yaƙi.

Waɗanda aka ce sun ɓace, iyalansu sun fi kowa shan wuya. Vera Deakin, 'yar tsohon firaminista Alfred Deakin, ta buɗe ofishin neman labarin waɗanda suka jikkata ko suka ɓace a ƙarƙashin ƙungiyar Red Cross a Alƙahira a 1915. Ma'aikatan ofishin kan bi asibitoci da sansanoni suna tambayar abokan soja inda suka gan shi ƙarshe, su rubuta wa iyayensa abin da suka samo. A Fromelles ta Faransa, cikin dare ɗaya a Yulin 1916, sojojin Ostiraliya fiye da 5,500 ne aka kashe, ko aka jikkata, ko aka kama. Sai bayan shekara 90 da ɗoriya aka tono gawa 250 daga ramukan da Jamusawa suka binne su, aka sake binne su a 2010, aka kuma gano sunayen da yawa ta hanyar gwajin ƙwayar halittar danginsu.

Wasiƙa ba ta faɗin komai, domin hafsoshi na tace ta, kuma ɗa ba ya son tayar wa mahaifiyarsa da hankali. Tsoro da ƙwarƙwata da warin gawa suna cikin littattafan da sojoji suka riƙa rubutawa a ɓoye, waɗanda ɗakin karatu na Mitchell da ke Sidni ya saya daga hannun masu su bayan yaƙi. Wannan hangen nesa ne, kuma yakan tuna mini da kakanninmu da aka kai Bama a Yaƙin Duniya na Biyu, waɗanda akasarin labarinsu a baki ya tsaya har suka tafi da shi.

Sai dai ƙasar da ta adana muryar matattu haka ba ta da hujjar toshe kunne ga rayayyu. Tun 1966, lokacin yaƙin Biyetnam, ake dawo da gawar soja gida, amma wanda ya dawo da ransa yakan dawo da ciwon da ido ba ya gani. Hukumar bincike da gwamnatin Ostiraliya ta kafa, wadda ta miƙa rahotonta a 2024, ta ambaci sojoji da tsofaffin sojoji 1,677 da aka tabbatar sun kashe kansu tsakanin 1997 da 2021, alhali 41 ne suka mutu a yaƙin Afganistan gaba ɗaya. Haka kuma rahoton binciken da alƙali Paul Brereton ya jagoranta, wanda ya fito a 2020, ya samu sahihan bayanai cewa dakarun musamman sun kashe fursunoni da fararen hula 39 a Afganistan ba bisa ƙa'ida ba, kuma wani ɓangare mai yawa na shaidar daga bakin sojojin da suka ƙi yin shiru ya fito. Waɗannan ma labaran soja ne, kuma iyalan Afganistan ɗin 39 suna da haƙƙin a gaya musu yadda nasu suka mutu, kamar yadda ofishin Vera Deakin ya gaya wa iyayen yaran Fromelles.