Nasarar dare ɗaya da gumin wata shida a NASCAR

Jama'a, ku yi haƙuri da ni yau, zancen tseren motocin NASCAR na Amurka zan yi. Na san masu kallon ƙwallo za su ce me ake kallo a motar da ke ta kewaya fili ɗaya. Ku bari dai in fitar da abin da ke cina.

Ana tsere 36 a shekara. Bayan 26 na farko sai a tace direbobi 16 su fafata neman kambu a goman ƙarshe. Daga 2014 zuwa 2025 dokar ita ce, ka ci tsere ɗaya tak, ka samu kujera. A watan Agustan 2024 a Daytona, Harrison Burton yana na 34 a teburin maki, ya sha gaban Kyle Busch a zagayen ƙarshe. Har ga Allah na taya shi murna, domin ita ce nasara ta 100 ga gidan Wood Brothers, ƙungiyar da yake yi wa tuƙi a lokacin. Amma kujerar da ya hau ta wani ce. Irin su Chris Buescher da suka yi wata shida suna tara maki a natse, haka aka bar su a waje suna kallo.

Na Joey Logano ma ya fi ɗaure kai. A lokacin ana rage direbobi 16 ɗin zagaye-zagaye har su koma huɗu. A 2024 ɗin an riga an fitar da shi a Charlotte, sai aka ɗora motar Alex Bowman a sikeli aka ga ba ta kai nauyin da doka ta gindaya ba, aka soke sakamakonsa. Logano ya dawo ta taga, ya ci Las Vegas, ya ci Phoenix, ya tafi da kambu. Kyle Larson da ya ci tsere shida ko cikin huɗun ƙarshe bai shiga ba. Ba laifin Logano ba ne fa, dokar da ya tarar ita ya bi.

Na san inda aka fito. A 2003, lokacin da makin shekara kaf ake tarawa, Matt Kenseth ya zama zakara da nasara ɗaya, Ryan Newman mai takwas ya ƙare na shida, mutane suka ce lissafi ya kashe tsere. Gudun gara ne aka faɗa gidan zago.

A 2026 sun gyara: maki ne ke shigar da mutum, an daina fitar da direbobi zagaye-zagaye, nasara ta koma maki 55. Madalla. Saura makin da ake fara goman ƙarshe da su. Wanda ya zo na ɗaya ana ba shi tazarar maki 25 kan na biyu, ko da da maki uku ya fi shi, ko da ɗari da hamsin. Nan ne ban yarda ba. Taya ɗaya ta fashe, 25 ɗin sun tafi.

A ganina a ɗauki tazarar gaskiya da kowa ya gina a tsere 26 ɗin nan, a raba ta huɗu, kowa ya shiga da kasonsa. Wanda ya ba na bayansa ratar ɗari biyu ya fara da hamsin, waɗanda suka zo kankankan su fara kankankan. Na 16 bai fita lissafi ba, yana da tsere goma a gabansa, sai dai ya san sai ya ci biyu ko uku kafin ya hango na gaba.