Kura ta ci barewa, sai aka ce kimiyya ta yanke hukunci?

Wani yayi ya shigo Facebook da ya fara isata. Saurayi zai ɗora bidiyon kuraye suna yagar barewa da ranta, ya rubuta a ƙasa: "Ina rahamar Mahalicci? Kimiyya ta gama magana." Ita kimiyyar yaushe ta faɗi haka?

Tambayar ba sabuwa ba ce. A 1860 masanin halittu ɗan Ingila Charles Darwin ya rubuta wa abokinsa Asa Gray cewa ya kasa gamsuwa Ubangiji mai jinƙai zai halicci wani dangin zanzaro da ke saka ƙwai a jikin tsutsa, 'ya'yan su ƙyanƙyashe su cinye ta daga ciki tana raye. Wanda ya taɓa fasa ɗakin zanzaro a bangon zaure ya ga irin wannan: tsutsotsi a jere, an sandarar da su, ba su mutu ba, suna jiran a ci. Amma a wasiƙar nan Darwin ya ce lamarin ya fi ƙarfin hankalin ɗan Adam. Shi da ya yi binciken ya sassauta murya, masu kwafe shi a waya ne suke ihu.

Kimiyya tana iya nuna maka jijiyar da ke kai saƙon zafi zuwa ƙwaƙwalwa, da dalilin da ya sa dabbar da ba ta jin zafi ba za ta guje wa haɗari ba. Cewa wannan zalunci ne ko hikima, babu na'urar da ke auna shi. Duk wanda ya ce akwai, falsafarsa ce ya sa wa rigar ɗakin gwaji.

Su kuma masu wa'azin da ke amsawa da "ai dabba ba ta jin zafi", sun manta da hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwa, da na ramuwar tunkiya marar ƙaho ranar kiyama.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne, masu kukan barewar dajin Serengeti na ƙasar Tanzaniya ba su taɓa cewa uffan ba kan shanun da ake cusawa a tirela daga Potiskum zuwa Legas, ƙaho a ɗaure, wuya a lanƙwashe, kwana da kwanaki cikin rana. Ba su ga jakin da sirdi ya cinye wa baya ana ƙara masa lodi ba. Sai da Tarayyar Afirka ta hana yanka jakuna don fatarsu a 2024, su kuwa ko a jikinsu. Wannan wahalar ba kura ce ta jawo ta ba, mu ne, kuma ba ta buƙatar muhawara da kowa.

Jami'an dabbobi su tsaya a kasuwannin kara su duba yadda ake lodi. Limamai kuma su sa haƙƙin dabba a huɗubar Juma'a, musamman idan Babbar Sallah ta matso.