Layin da ba shi da iyaka shi ke kashe sabar wasa

'Yan uwa masu rubuta manhaja a Katsina, musamman ɗaliban kwamfuta na Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua masu sha'awar haɗa wasan intanet, ina da magana a kan layi, wato queue, inda saƙonni ke jira a sabar wasa, kwamfutar da 'yan wasa ke haɗuwa a kanta. Layin da ake koyarwa a aji ƙa'idarsa ɗaya ce, wanda ya riga shiga shi ke riga fita. Wannan ya isa cin jarrabawa, amma saba sai an yi masa ƙari, kuma ni a ganina ƙarin farko shi ne iyaka.

Sabar wasa zagaye-zagaye take aiki. Minecraft na yin zagaye 20 a daƙiƙa ɗaya, wato kowane zagaye milisakan 50 ne kacal na karɓar saƙonni da lissafi da mayar da amsa. To a ce taka ma haka take, ɗan wasa kuma yana cikin mota a hanyar Daura, sabis ya ɗauke masa na minti ɗaya. Saba ba ta sani ba, tana ta zuba masa saƙo har 1,200 su taru a layinsa. In mutum ɗari ne a wannan hali, ƙwaƙwalwar saba ce za ta sha. Shi kuma da sabis ya dawo, wayarsa sai ta gama haɗiye tsohon labari kafin ta ga halin da wasa ke ciki. Masu Python su lura, asyncio.Queue, layin da ke zuwa da Python, in ba ka sa masa maxsize, wato iyakar tsawonsa, ba, ba shi da iyaka ko kaɗan.

Saboda haka kowane ɗan wasa a ba shi layin fitarsa, a yanke masa iyaka, a ce 256. Sai babbar tambaya: in ya cika fa? Nan ne ake raba saƙonni gida biyu. Saƙon inda mota ko ɗan wasa yake tsaye, sabo na zuwa tsoho ya tashi aiki, don haka a danne shi da sabon a gurbi ɗaya. Amma sakamakon jifan ludo, ko cin ɗa a dara, ko sayen kaya, waɗannan ba a zubar da su ko guda. In irinsu ne suka cika layi, a cire ɗan wasan, in ya dawo a turo masa cikakken halin wasa daga farko. Gara ya ga an cire shi da a bar allonsa ya saɓa da na abokin karawarsa.

A nan deque, layin Python mai baki biyu, in an sa masa maxlen, wato iyakar tsawo, ke yaudarar mutane. Yana da iyaka, gaskiya ne, amma in ya cika shiru yake jefar da na gaban layi, ba wani kuskure da zai nuna maka. Shi kuwa pop(0), wato cire na gaba a kan list, duk cirewa sai ya matso da sauran kaya gaba ɗaya, popleft na deque ne ba ya haka.

Layin shiga ma a sa masa ƙa'ida. A kowane zagaye a ɗauki saƙo kamar 8 daga mutum ɗaya a wuce na gaba, in ba haka ba mai magudi ɗaya zai riƙe kowa, kamar mai jarka ashirin a gidan mai.

Ayyukan da ke jiran lokaci, irin su ƙwace juyi bayan daƙiƙa 30, layinsu daban ne, heapq, tulin Python da ke fara fitar da mafi ƙanƙanta, ya dace da su. Duk aikin da za a sa a tulin, a jera lokacinsa, sai lamba mai hawa, sannan aikin. In babu lambar nan, ayyuka biyu suka faɗa lokaci ɗaya, Python zai gwada kwatanta ayyukan da kansu, in kuwa dict ne ya jefa kuskuren TypeError a tsakiyar wasa. In ɗan wasa ya yi jifa kafin lokaci ya cika, kada a shiga laluben aikin a cikin tulin. A yi masa alamar an soke, in ya iso gaba a tsallake shi.

Kafin ka kai wa malami ko abokai, sa saba ta riƙa buga tsawon layi mafi tsawo duk daƙiƙa 5. Sannan ka shiga wasa da waya biyu, ka kashe data a ɗaya na minti biyu, ka tabbatar lambar ba ta wuce 256 ba.