Yadda shimfiɗar durowa ta kusa jawo min yaji a gida

Ni fa tun ina yaron gareji burina ɗaya ne, in mallaki irin akwatin kayan aikin nan ja mai durowoyi da tayoyi, wanda za ka turo shi gaban mota kamar likita zai shiga tiyata. Shekara 14 ina zuba sifanu a tsohon bokitin fenti, in kana neman sifana mai lamba 12 sai ka zazzage bokitin gaba ɗaya a ƙasa ka hau tono kamar kaza, mai mota na tsaye a kanka yana duba agogo. To bara Allah ya yi, na shiga kasuwar Ƙofar Ruwa a nan Kano neman kafireto sai na hango shi a lungun wani shago, na hannu ne ɗan Beljiyam, durowa 5, taya ɗaya tana ɗingishi amma makulli na aiki. Ranar ban sayi kafireton ba, a adaidaita sahu na ɗauko shi ina rungume da shi a baya kamar an ba ni amarya.

Na kai gareji na wanke shi tas, na zauna na jera sifanu tun daga 8 har 24, kowa a layinsa, sukudireba gefe guda, filaya gefe guda, soket a durowa ta biyu, guduma da manyan kaya a ƙasa. Na kira yarana biyu na ce daga yau duk wanda ya ɗauki abu bai mayar inda ya gan shi ba, ni da shi ne. Suka ce to oga. Na tura durowar na rufe da ƙarfi irin na mai sabon abu, sai ji muka yi kwaram kamar an kifar da kabad ɗin kwanukan amarya. Na buɗe, wallahi babu sifana ɗaya a inda na ajiye ta, duk sun taru a can ƙarshe sun hau kan juna kamar fasinjojin bas an taka birki. Ƙasan durowar ƙarfe ne zalla mai santsi, ga daɓen garejin namu dama ya ɗan karkata wajen kwata, kana ja su yo gaba, kana turawa su koma baya, kuma cikin sati biyu sun fara kankare fentin. Ashe bokiti na saya mai tayoyi.

Nan na gane sai an yi wa durowa shimfiɗa, kuma nan wahalata ta fara.

Da jarida na fara, don ita ce a kusa, na karɓo wajen mai tsiren bakin layi. Kwana 4 ta yi. Baƙin mai ya jiƙa ta, ta manne da ƙarfen, da na zo ɗagawa rabi ya fito rabi ya ƙi, har yau in ka leƙa kusurwar durowa ta 3 akwai hoton wani mutum da babbar riga yana yanke ƙyalle, na kankare na kankare ya ƙi tafiya, na bar shi yana min gadi.

Sai kwali, na taliyar yara. Gaskiya kwali ya yi ƙoƙari da rani, ƙarar ta ragu sosai har na fara ba mutane shawara kamar na san wani abu. Damina ce ta tona asirinsa. A watan Agusta lokacin da ko gishiri jiƙewa yake a kicin, kwalin ya tsotse danshi ya riƙe, sifanun da ke kwance a kai duk suka yi jan tsatsa ta gefen da ke ƙasa, sama fes, ƙasa kamar an barbaɗa yaji. Kuma cikin ramukan kwalin nan kyankyasai suka buɗe unguwa. Wani Alhaji ya kawo mota, ina ta cika baki na jawo durowa in ɗauko soket, wani ƙaton kyankyaso ya fito ya tsaya a kan filaya yana kaɗa gashin baki yana kallon mu biyun. Alhajin ya ce "wannan shi ne babban yaron naka?"

Na uku kam laifina ne ni kaɗai ko da yake yaro na ɗora wa. Maƙwabcinmu ya sayi firji, na roƙi farin soson nan mai ƙwaya-ƙwaya da ake sakowa a cikin kwalin, na yanka shi fale-fale na shimfiɗa, abin ya yi kyau kamar asibiti. Washegari ƙaramin yarona ya kwance kafireton janareto, fetur na ɗiga, ya rasa inda zai ajiye ya jawo durowa ya ɗora. Wanda bai taɓa gani ba ba zai yarda ba, fetur narkar da wannan soson yake nan take, a gaban idonka zai lotse ya koma wani abu mai yauƙi kamar miyar kuɓewa ta kwana, in ya bushe kuma ya ƙame kamar gam. Sukudireba 3 da filaya suka haɗe suka zama abu ɗaya. Yaron ya zo jiki na rawa ya ce "oga, katifar ta narke." Na ɗaga hannu zan kai masa rankwashi sai na tuna wa ya kawo katifar.

To daga nan ne shaiɗan ya shigo maganar.

Ina kwance da daddare ina tunanin durowa, kamar yadda masu hankali ke tunanin kuɗin makaranta, idona ya faɗa kan ledar ɗakin uwargida. Mai kauri ce, irin mai zanen tayil ɗin nan, ba ta shan ruwa, gogewa kawai ake yi. Kuma rabin ta ƙarƙashin gado take, shekara da shekaru ba wanda ya taɓa taka wajen, a ganina asara ce ma. Abin da na manta, ko in ce na yi kamar na manta, ledar nan cikin kayan ɗakinta take, ƙannen babarta ne suka shimfiɗa ta da hannunsu ranar jere. Ranar Asabar ta tafi suna Gwammaja da yara, na dawo gida da reza da tef ɗin awo, na ja gadon, na yanko falle 5 daidai da durowoyi, na mayar da gado na daidaita ƙafafunsa a kan tsohon shaidarsu, na tura akwatunanta suka rufe wajen. Har shara na yi, abin da ban taɓa yi ba, wanda da ta lura da wannan kaɗai ma ya isa ta zarge ni.

Abin haushin shi ne ledar ba ta ma yi aikin ba. Ta fi ƙarfen santsi, in mai ya ɗan taɓa ta sifanu har tsere suke a kai. Da zafin Afrilu ya zo, lokacin da Kano ke haura digiri 40 ga akwatin ƙarfe a ƙarƙashin rumfar kwano, gefunan suka nannaɗe suka tashi sama, durowa ta sama ta dinga maƙalewa sai ka sa sukudireba ka danne, sukudireban kuma yana cikin durowar. Inda fetur ya taɓa kuwa ta yi tauri ta tsage. Na yi sata, kuma kayan satar ba su da amfani.

Na je wajen Baba mai faci na bakin titi na kai kuka. Ya ce "kai yaro, duniya akwai abin da ya kai tub ƙarko?" Ya ba ni tsohon tub ɗin tirela kyauta, na tsaga na wanke na yanka. Maganar riƙe kaya kam ya riƙe, babu abin da ke motsi. Amma shi tub a zagaye aka halicce shi, bai san kwanciya ba, ka danne nan can ya tashi, na ɗora masa batirin mota kwana 2 ina ɗagawa ya koma yadda yake. Rannan na ɗauke guduma daga kai, gefen ya miƙe ya harbo wata ƙaramar soket ta bi iska ta faɗa kwata, muna kallo. Bayan wata guda kuma inda baƙin mai ya kwanta ya kumbura ya yi laushi yana danƙo, ka ɗauki sifana hannunka ya yi baƙi ƙirin.

Wani kwastoma na ne, malamin kimiyya a sakandare mai wata tsohuwar Golf da ba ta rabuwa da garejina, ya ga ina zagin tub ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce roba ai ba iri ɗaya ba ce, ta tub an yi ta ne don ta riƙe iska, ba ta jure man fetur da dangoginsa, wadda ke jure mai ita ce irin ta oyil sil, zoben robar nan da ke hana mai yoyo daga inji, sunanta nitrile, shi ya sa take zaune cikin inji shekara da shekaru ba ta narke ba. Na ce to malam a ina zan samu oyil sil mai faɗin durowa? Ya ce fallenta akwai amma kuɗin zai sa ka koma bokiti, ka je wajen masu kayan takalma ka nemi irin soson da ake yin silifas da shi, EVA ake ce masa, ramukan cikinsa a rufe suke ba ya shan ruwa kamar soson katifa. Kuma ya ce kafin ka sayi da yawa ka yanko ɗan guntu ka jefa a gwangwani da baƙin mai, wani a fetur, ka bar su su kwana, da safe za su gaya maka gaskiya. Shekara guda ina wahala, ashe gwangwanin madara biyu ne maganin.

Na tafi Ƙofar Wambai layin masu kayan takalma, ga su nan falle-falle an jingine, kala-kala, kauri daban-daban. Dattijon da na tsaya wajensa ya ce "ƙafa nawa za ka yi?" Na ce Baba ba takalmi ba ne, sifanu zan yi wa shimfiɗa. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce "su ma yanzu sanyi suke ji?" Amma ya yanko min guntaye kyauta. Na gwada, na cikin baƙin mai ya kwana lafiya lau, na cikin fetur ya kumbura amma bai narke ba, wato doka ɗaya ce, kar a sake ajiye abu mai ɗigar fetur a ciki, wannan kuma na faɗa wa yaron sau 3 ina riƙe da kunnensa.

Na koma na sayi kala biyu, ruwan ɗorawa mai kaurin milimita 3 a ƙasa, baƙi mai ɗan kauri a sama. Na kwantar da kowace sifana a kan baƙin na zagaye ta da biro, na bi da reza na fafe, na haɗa fallayen biyu da gam amma ban manna su da durowar ba, don in ƙurar hunturu ta taru in ɗaga in kakkaɓe. Yatsa ɗaya na yanka, durowar sama kuma sai da na sake mata mara kauri don da farko ta ƙi rufuwa. Amma da aka gama, kai! Ka ja durowa da duk ƙarfinka shiru kake ji, kowace sifana kwance a ɗakinta, wadda aka ɗauka kuma gurbinta na haskawa ruwan ɗorawa tun daga bakin ƙofa. Baba mai faci ya zo ya gani ya ce bai kai tub ba dai, ya tafi.

Sati biyu kafin ƙaramar sallah na buɗe durowa da safe, gurbi ɗaya na kallona, sifana 10. Duk makanike ya san ita ce ba a aiki sai da ita kuma ita ce kullum ke ɓata. Na tsare yara, suka rantse har da cewa a kawo Alƙur'ani. Sai na tuna jiya na tafi da ita gida a aljihu na ɗaure kan batirin mashin ɗina.

Na koma gida da azahar ga azumi ga rana, ina sallama na tarar da katifa a tsakar gida, akwatuna a waje, an fito da gado ana kwalimar sallah. Uwargida na zaune a kan kujera 'yar tsugunno a ƙofar ɗaki, ta bayanta ina hango siminti, ramuka 5 masu kusurwa huɗu reras, gaskiya yankan ya yi kyau. Sifana 10 na hannunta tana juya ta.

Ta ce "Malam, sannu da zuwa. Ɓerayen gidan nan har tef ɗin awo gare su."

Na ce ai kin san ɓeran zamani.

Ta ce "haka ne. To ka gaya musu Inna za ta zo ranar Laraba, kuma ni ba leda nake so ba yanzu, tayil nake so." Ta ɗaga bakin zaninta ta ƙulle sifanar a ciki ta ci gaba da shara.

Yau kwana 9 ina aron sifana 10 wajen mai gyaran mashin na kusa da mu, har ya fara cewa zai sa min kuɗin haya. Mai tayil ya zo ya auna ɗakin jiya, da ya faɗi kuɗin sai da na nemi wuri na zauna, ya fi kuɗin akwatin har da na adaidaita sahun da ya kawo shi.