Wai da wane ma'auni ake auna memuwar ɗinmu na mastar?

Jama'a ni dai yau sai na faɗa, abin ya ishe ni kuma na san ba ni kaɗai ba ne. Ɗalibi ne ni a shekara ta biyu ta mastar fannin biyoloji nan Yamai, kuma maganar memuwar, wato kundin binciken kammala karatu, ce ta hana ni barci. An ce mana tsarin LMD ne (lisans, mastar, doktora), mastar shekara 2, samestar 4, kiredi 120, samestar na ƙarshe kiredi 30 kuma kusan dukansu a kan sitaj da memuwar suke rataye. Tun 2007 UEMOA, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma masu kuɗin sefa, ta umurci ƙasashenta su bi wannan tsari don digirin ɗan Nijar ya yi daidai da na ɗan Dakar ko Abijan, to mun yarda. Amma a sashenmu ku nuna mini takarda guda tak da aka miƙa ma ɗalibi ranar da aka ba shi suje, wadda ta ce ga abin da ake so a cikin aikin, ga yawan shafi, ga yadda maki 20 ɗin nan za su rabu. Wallahi babu. Komi a baki ne, ka ji daga wanda ya gabace ka, shi ma ji ya yi daga wani, ko ka je ka aro memuwar ɗin tsofaffin ɗalibai ka kwaikwaya, ka tarar wannan ya haɗa sakamako da tattaunawa wuri guda an ba shi maki mai kyau, wancan ya yi haka nan an ce ya koma ya raba su. Wani malami ya ce shafi 40 ya isa, wani ya ce wannan ai rapor ɗin lisans ne ba mastar ba. To wa za mu bi dan Allah?

Aikina a kan ƙwarin wake ne, waɗannan ƴan ƙananan da ke huda wake a rumbu, Callosobruchus maculatus, ina gwada man dogon yaro a kansu. Duk wanda ya san ƙwaron nan ya san macen a bayan ƙwayar wake take manna ƙwai, tsutsa ta huda ta shige ciki ta ci, sai bayan sati 3 zuwa 4 sabon ƙwaro ya fito, in zafi da laimar ɗakin sun tsaya daidai ke nan. Ma'ana kowane gwaji wata guda yake ci, ba abin da za ka hanzarta. An ce ka yi doz kala-kala, kowane doz ka maimaita shi sau 4, ka ajiye kwalaben shaida da ba a sa ma komi ba, ka gyara lissafin mace-macen da fomil ɗin Abbott, wanda ke cire ƙwarin da suka mutu da kansu. Ban ƙi ko ɗaya ba, haka ilimi yake, ni ma ba ni son aikin ha'inci. To amma etuv ɗin, wato akwatin da zai riƙe zafin, da kuran yake aiki, kuran ɗin kuma kowa ya san halinsa a Afrilu da Mayu lokacin da zafin Yamai ke kai digiri 45. An ɗauke wuta tun hantsi har la'asar, labo ya zama tanderu, ka zo ka tarar ƙwarin cikin kwalaben shaida ma sun mutu, kuma in shaida ta mutu da yawa gwajin duka ya tashi a banza, ba ka iya cewa mai ne ya kashe su ko rana. Ka sake daga farko, wata guda ya tafi. Gurup yana nan a bayan gini amma wai babu gazuwal. Kwalabe ni na je Katako na sayo da kuɗina, wake ni na saya, safar hannu, alkol, auduga, hatta fensar ɗaukar ƙwaro, duka daga aljihun ɗalibin da burs ɗinsa ma sai ta ga dama take zuwa.

Kuma ni nawa da sauƙi. Wata ƴar uwa a ajinmu tana aiki kan sauron zazzaɓin cizon sauro da ya daina jin maganin feshi, aikinta sai da PCR, wato gwajin ƙwayoyin gado, kayan haɗin kuwa dole su zauna a sanyin digiri 20 ƙasa da sifiri. Ku tuna a Agusta 2023 da Najeriya ta yanke wutar da take ba mu irin wahalar da aka sha, ga iyakar Benin a rufe kaya sai sun zagayo ta Lome su ratso Burkina, abin da aka yi oda sai ya yi watanni a hanya, ya iso, firiza ta narke dare ɗaya, shi ke nan. Wani kuma nasa a gona ne, ƙudujin da ke shake hatsi, can wajen Dogon Dutsi, ba a sa hannu a kan sujensa ba sai da manoma suka gama shuka har an yi noman farko. Damina ɗaya ce a shekara, daga Yuni zuwa Satumba, duk malamin biyoloji ya san wannan fiye da mu, amma yaro ya rasa shekara cur saboda sa hannu guda.

Sai maganar malamin da ke duba aiki. Ina girmama malamanmu, akwai waɗanda wallahi da kuɗinsu suke saya ma ɗalibi kaya, Allah ya saka musu. Kuma na san kaɗan ne su, mutum ɗaya ga darasi ga taro ga tafiye-tafiye ga ɗalibai tuli a hannunsa, ga nasa dosiye na CAMES, hukumar da ke tantance malaman jami'a, da sai ya wallafa kafin ya samu ƙarin girma. To in haka ne don me za a ɗora masa ɗaliban da ba ya iya karanta aikinsu? Ka kai babi, a ce ka dawo sati mai zuwa, ka dawo a ce ya tafi misiyon, ka tura saƙo ta WhatsApp ka ga an karanta ba amsa, kai kuma ba ka iya matsawa don kada a ce ba ka da ladabi, makomarka a hannunsa take. Ɗalibi in ya makara da kwana ɗaya an rufe lis, amma babu wata doka da ta ce malami ya maido gyara cikin kwana kaza. Ranar da gyaran ya fito kuma sai ka ga an ce statistik ɗinka bai yi ba, a yi ANOVA a bi da tes ɗin Tukey, alhali darasin biyostatistik a allo muka yi shi da alli, ba wanda ya taɓa zaunar da mu gaban ordinatar ya buɗe mana R, porogaram ɗin yin wannan lissafin, wanda kyauta ne ma ba sai an saya ba. Shi ya sa yanzu ɗalibai ke biyan wani a gari ya yi musu lissafin, su manna tablo ɗin da ba su fahimta ba, kowa ya sani kowa ya yi shiru.

Ranar sutnans, wato ranar kare aiki gaban juri, ita ce ta fi ƙona mini rai, don na zauna na kalli na abokai da idona. Ka buga kofi na kowane memba na juri, mai kala saboda hotuna da giraf, ka yi reliyir, bayan sutnans ka gyara ka sake bugawa, ga ruwa da lemo da abin taɓawa da ba a rubuta ko'ina ba amma kowa ya san in ba ka kawo ba za a yi maganarka. An ba ka ƴan mintoci ka bayyana aikin shekara guda, sai wani memba ya buɗe takardar kana gani ka san yanzu ya fara buɗe ta, ya share lokacinsa kaf a kan waƙafi da aksan da girman haruffa, ko tambaya ɗaya bai yi ba a kan yadda aka tsara gwajin. Wani kuma ya ce samfurinka ya yi kaɗan, me ya sa ba ka yi kromatografi ka gano sinadaran da ke cikin man ba, alhali ya san injin babu shi a labo ɗin, kuma protokol ɗin nan sashen ne da kansa ya amince da shi tun farko! Sai a fitar da mutane waje, a rufe ƙofa, a buɗe a ce 13, ko a ce 16. Nawa ne na rubutu, nawa ne na aikin labo, nawa ne na amsa tambayoyi, ba mai gaya maka. Kamar ɗan kasuwa mai tiya biyu, ta wannan juri daban ta wancan daban. Kuma ba ƙaramin abu ba ne, tsakanin 13 da 14 ne ake tashi daga ase biyan zuwa biyan, kuma mansiyon ɗin nan shi ake dubawa in ka nemi doktora ko burs ta waje, maki ɗaya na iya rufe ma mutum ƙofa har abada.

Ni ban ce a sassauta ba, kada wani ya juya mini magana. A tsananta ma, amma a rubuce. A ba kowa takardar ƙa'ida tun farkon mastar ta biyu, a liƙa yadda maki ke rabuwa a allon sanarwa kowane juri ya cika ta a ba ɗalibi kofi. Sujen gona a sa masa hannu kafin ruwan farko, kada kuma a ba ɗalibi aikin da labo ba ta da kayansa sai in an samo masa inda zai yi. A sa ma malami wa'adin maido gyara kamar yadda aka sa mana na kai aiki. Wanne ne a ciki ke bukatar miliyoyi? Ko ɗaya, gazuwal ne kawai ke cin kuɗi. Yanzu haka ana raɗe-raɗin wanda bai yi sutnans ba kafin a rufe shekara sai ya sake biyan kuɗin rajista, mun je sakatariya mun tambaya an ce mu jira sanarwa, ranar sutnans ɗin ma ba a fitar ba, babi na uku nawa kuma yana kan tebirin malam har yanzu.