Hotunan da Suka Ƙi Yi wa Tokiyo Kwalliya

Wanda ya fara cin karo da hotunan Daido Moriyama, mai ɗaukar hoto ɗan Japan, zai iya rantsuwa cewa mutumin nan bai iya aikinsa ba. Baƙi da fari ne, baƙin ya yi ƙirin, farin ya ƙone. Fuskoki dishi-dishi, gine-gine a karkace, ga wani yashi-yashi ya rufe komai. Da mai shagon hoto zai miƙo maka irin wannan bayan ka biya shi kuɗin hoton sallah, rigima ce za ta ɓarke. Duk da haka ina ganin waɗannan hotuna na cikin mafi gaskiyar abin da aka taɓa ɗauka game da zaman birni, kuma gaskiyar tasu ba a cikin dishi-dishin take ba. Tana cikin dalilin da ya haife shi.

Sai an san Japan ta wancan lokaci kafin a gane dalilin. A 1964 Tokiyo ta karɓi baƙuncin wasannin Olamfik, aka buɗe layin jirgin ƙasa mai gudun tsiya tsakaninta da Osaka. A 1968 tattalin arzikin ƙasar ya zarce na Jamus ta Yamma. Hukuma da kamfanoni suna da hoton da suke son duniya ta gani: ƙasar da ta tashi daga tokar Yaƙin Duniya na Biyu, tsaf-tsaf, kowa da firij da talabijin. Amma a wannan shekarar ce gwamnati ta yarda a hukumance cewa gubar masana'anta ce ke nakasa mutanen garin Minamata. Tsibirin Okinawa na hannun Amurka, kuma sansanonin sojan Amurka da ke Japan suna yi wa yaƙin Biyetnam hidima. Ɗalibai sun rufe jami'o'i. Ranar 21 ga Oktoba, dubban masu zanga-zanga suka mamaye tashar jirgin ƙasa ta unguwar Shinjuku a Tokiyo suka yi arangama da 'yan sanda.

Wata guda bayan haka, a Nuwamba, wasu mutum huɗu suka fitar da 'yar mujallar hotuna mai suna Provoke: Takuma Nakahira, Yutaka Takanashi, Koji Taki da Takahiko Okada. Moriyama ya shigo a fitowa ta biyu. Sau uku kacal ta fito, ta mutu a 1969, amma har yau ana jin ɗuriyarta. Hujjarsu ita ce hoto mai kyau, wanda aka saita shi ya fito tangaran, ya riga ya zama ɗan amshin shatan masu mulki da masu talla. Idan birnin da kake ciki hayaniya ce da hayaƙi da turereniya, to hoton da ya nuna shi a natse ya yi maka ƙarya, komai kyawunsa.

Moriyama ya ɗauki wannan magana da gaske. An haife shi a 1938 a yankin Osaka, ya zo Tokiyo a 1961 ya zama mataimakin fitaccen mai hoto Eikoh Hosoe, don haka ya san yadda ake fitar da hoto tas. Da gangan ya ƙi. Yakan danna kyamara yana tafe ba tare da ya kai ta ido ba, ko ya ɗauka ta tagar mota tana gudu, sannan a ɗakin wankin hoto ya ƙara wa baƙin baƙi. Lungunan Shinjuku ne gidansa: mashaya, allunan talla, wayoyin lantarki a cukurkuɗe, ƙafafun masu sauri.

Hotonsa da ya fi shahara na kare ne. A 1971 ya ɗauke shi a Misawa, garin da ke da sansanin sojan saman Amurka a arewacin ƙasar. Karen titi ne, jikinsa ya cika hoton, ya sunkuyar da kai ya waiwayo, baki a ɗan buɗe, ido yana ƙyalli. Ba ka san ko cizo zai kai ba ko gudu zai yi. Ba soja a hoton, ba tuta, ba shingen waya, amma mutane da yawa sun ga Japan ta bayan mamayar Amurka a cikin wannan kallo, wulaƙanci da taurin kai a haɗe. Shi kansa Moriyama ya sha kwatanta yawonsa da na karen da ba shi da ubangida.

Akwai suka mai nauyi, kuma daga cikin gida ta fito. Nakahira ya ga yadda masu talla suka yi wuf suka ɗauke salon. Tun a 1970 hukumar jiragen ƙasa ta fara tallan yawon buɗe ido da hotuna masu dishi-dishi. Abin da aka ƙirƙira don a yi wa kasuwa tawaye ya zama hajar kasuwa. A 1973 Nakahira ya juya wa salon baya, ya ƙone mafi yawan fim ɗin da ake wanke hotunansa daga ciki, daga baya ya koma ɗaukar abubuwa a fili da launinsu. Ina ganin ya yi gaskiya, kuma zamaninmu ya ƙara gaskata shi. Yau kowace waya tana da maɓallin da zai zuba wa hoto yashi-yashi ya mai da shi baƙi da fari cikin daƙiƙa ɗaya. Sai ka ga hoton kofin shayi ya sha wannan ado, babu wata damuwa a bayansa. Shi ma kwalliya ce, irin wadda 'yan Provoke suka guda.

Sai dai ban bi Nakahira har ƙarshe ba. Kwaikwayo bai rage wa na asali komai ba. Moriyama ya shafe shekara sama da hamsin yana taka titunan nan da 'yar ƙaramar kyamarar aljihu, kuma lambar yabo ta Hasselblad da aka ba shi a 2019 ladan wannan naci ce. Wanda ya dubi aikinsa zai ji cewa mai hoton yana cikin cunkoson, ana bangazar sa, ba daga bene yake leƙo talakawa ba.

Abin da ya fi damuna shi ne mutanen da ke cikin hotunan. Ba su ce a ɗauke su ba. A 2020 kamfanin Fujifilm ya janye wani bidiyon talla da ya nuna mai ɗaukar hoto Tatsuo Suzuki yana cusa wa masu wucewa kyamara a fuska a Tokiyo, bayan Japanawa sun yi ca a kansa. Ina tare da waɗanda suka fusata. Mai sauri zuwa aiki da matar da ta fito a gajiye suna da mutuncinsu, kuma sunan fasaha ba ya halatta a firgita su. A zamanin Provoke hoto yakan tsaya a mujallar da ake buga kusan kwafi dubu. Yanzu kafin mutum ya isa gida fuskarsa ta zaga duniya. Matashin da ke sha'awar wannan salo zai iya tsayawa ya gaisa da mutane, ya dawo gobe da jibi har unguwar ta saba da shi, sannan ya fito da kyamara.