Giyabos a Ƙundun Talotalo

Mutanen gidanmu sun daɗe da yanke hukunci a kaina: magidanci da furfura ta fara leƙowa a gemunsa, amma da ya dawo daga aiki sai ya shige ɗaki ya kama haɗa motocin wasa. Ni ban taɓa kiran su na wasa ba. Kwafin motocin gaske ne na roba, ma'aunin 1/24, wato komai na jikin motar an rage shi sau 24, har madubi da hannun ƙofa. Ga wanda ya taso da motar kara da ta langa-langa, ai wannan ci gaba ne.

Wadda ta so ta zautar da ni ita ce Ford GT40, motar da ta cinye tseren Le Mans na Faransa shekara huɗu a jere, daga 1966 zuwa 1969. Tsayinta daga ƙasa zuwa rufi inci 40 ne, a teburina kuwa santimita huɗu da ɗoriya. Wani ɗan'uwa ne ya zo min da ita daga waje, ta hannu ce, ga bodi ga tayoyi, amma inji da giyabos sun yi ɓatan dabo. Inji bai dame ni ba, ina da V8, wato inji mai silinda takwas, na wata Ford Mustang da yara suka zauna a kai, kuma dama ainihin GT40 ta yi tsere da irin wannan injin mai lita 4.7. Giyabos ne ya zama ƙarfen ƙafa.

Duk wanda ya taɓa leƙa ƙarƙashin Fijo 504 ya san tsarin: inji a gaba, giyabos a bayansa, farfela ta miƙe har aksul ɗin baya. Ita kuwa GT40 injinta a tsakiya yake, a bayan kujerar direba, gaba da tayoyin baya. Babu wurin farfela ko na taki ɗaya. Don haka giyabos da aksul a kwanso guda suke, sandunan da ke juya tayoyin suna fitowa ta haƙarƙarinsa hagu da dama. Da na gwada giyabos ɗin Mustang mai dogon wutsiya, sai ya tsallake tayoyin ya leƙo ta inda ake manna lamba. Abin da motar take so shi ne na kamfanin ZF na Jamus mai giya biyar, wanda Ford ta koma wa bayan na Colotti na Italiya ya yi ta watsa musu ƙasa a ido a 1964.

Na ce bari in je kasuwar kayan mota ta Ƙofar Ruwa in ga irinsa da idona, in auna, in sassaƙa nawa. Ina faɗa wa wani mai shago cewa giyabos nake nema na Ford V8 mai inji a tsakiya, sai ya miƙe tsaye ya ba ni kujerarsa.

"Alhaji, ka zo gida. Kai, kawo wa Alhaji ruwa mai sanyi!"

Na buɗe baki zan ƙarasa bayani, ya ɗaga min hannu. Wai ya gane, irinmu masu manyan motoci ba ma son dogon surutu. Kafin in shanye ruwan, ga samari uku sun rungumo giyabos ɗin tsohuwar Audi daga can ƙuryar sito, suna nishi, baƙin mai yana ɗiga a rigunansu. Kuma gaskiya mutumin ya san sana'arsa. Injin waɗannan Audi ɗin a miƙe yake kwance daga gaba zuwa baya, giyabos a bayansa, sandunan taya a gefe, shi ya sa masu ƙera kwafin GT40 mai girman motar gaske suke ɗaukar sa su mayar baya. Na Golf, in ji shi, a gicciye yake, ba zai yi ba.

"Ina motar take, Alhaji? A turo ta ko mu bi ka?"

Na sa hannu a aljihun gaba na fito da injin na ɗora a tafin hannu.

Ɗaya daga cikin samarin ya saki gefensa ba shiri. Mai shago ya dubi injin, ya dube ni, a hankali ya janye kujerarsa. Daga Alhaji na koma Malam, da aka zo maganar ladan ɗauko kaya kuma na koma "kai bawan Allah". Na biya ladan, na biya kuɗin ruwan. Amma fa sai da na auna.

Daga nan aka kwatanta min garejin wani dattijo da ya ƙare ƙuruciyarsa a kan Volkswagen Bitil, tun lokacin da ake haɗa ta a Legas. Ina da wata Bitil ta roba a gida, na ciro giyabos ɗinta na tafi da shi, tunda shi ma da aksul a haɗe yake. Baba bai yi dariya ba ko kaɗan, wanda hakan ya fi tsorata ni. Ya sa tabarau, ya juya abin a yatsunsa.

"Ɗana, Bitil injinta a bayan taya yake, giyabos a gaba. Kai kana so ka juya shi, inji ya dawo gaba. Ka san abin da za ka samu? Ribas huɗu, giyar gaba ɗaya. Sai dai in ka buɗe ka mayar da babban haƙorin cikin aksul ɗaya gefen."

Na ce, "Baba, ai roba ce. Ba ya buɗuwa, ba ta ma tafiya."

"To don ba ta tafiya sai a ɗaura mata ƙarya? Kuma wannan ɗan abin da V8? Ranar farko zai zubar da haƙora."

Na so in gaya masa kamfanin Hewland na Ingila da kwanson giyabos ɗin Bitil ya fara ƙera na motocin tsere, amma ya riga ya koma ƙarƙashin motar da yake gyarawa.

Sassaƙar ba ta yi ba, kada ma a tambaye ni. Ƙarshe a intanet na samo wani mai zuba irin waɗannan ƙananan kaya, yana da ZF ɗin sak a 1/24. Kuɗin aikowa ya ninka kuɗin kayan. Ranar da ya iso, Maman Ummi ta ga kwali ta zaci atamfa ce. Muka yi ta zaro takardu har muka iso ga wata 'yar leda, a ciki ga abu kamar ƙwallon dabino.

"Abban Ummi, wannan ne?"

Shi ne kuwa, kuma ya yi kyau: ga layukan ƙarfafa kwanso a jikinsa, ga kawunan kusoshi da sai ka runtse ido ɗaya za ka ƙirga. Na goge da samfefa mai laushi, na fesa fentin azurfa, na ɗora a murfin kwano a tsakar gida don ya sha rana, na shiga alwalar La'asar.

Maƙwabciyarmu Hajiya tana da talotalon da take kiwo, wanda ya ɗauki gidanmu a matsayin reshen nasu. Ina fitowa na ga wuyansa yana wani motsi, murfin kwano kuma wayam. Ummi ce shaida: "Abba, ya cinye motarka."

Na yi sallama a gidan Hajiya, na tsuguna na gaishe ta, na rasa ta inda zan fara. Ta saurare ni har ƙarshe, ta ce in yi haƙuri in jira, abin da ya shiga ai zai fita. Na bi talotalon nan da tsinke har magariba, yaran unguwa suna bi na. Babu labari. Da safe na koma da maganar ciniki, Hajiya kuwa ta riga ta gane ba nama nake so ba, don haka farashin ya hau. Wai ba ta taɓa niyyar sayar da shi ba, ta shaƙu da shi.

Aka yanka, aka fige, ni da reza na tsaga ƙundun a gaban iyalina. Yana ciki, tare da tsakuwa da wani maɓallin rigata da na daɗe ina nema. Sai dai ƙundu injin niƙa ne. Fenti ya tafi, kawunan kusoshi sun tafi, layukan nan duk sun shafe, ya fito sumul.

Haka na wanke shi, na sake fesawa, na manna da sufagulu. Ya zauna daram, sandunan taya suka shiga gurbinsu. Da na kifa murfin baya, abin da ake hangowa daga giyabos ɗin bai kai farce ba. Na kai wa Baba ya duba, ya ɗaga murfin, ya daɗe yana kallo, ya ce wannan giyabos ya sha tafiya, wanda ya sayar min ya cuce ni. Maman Ummi kuma, da ta ga yadda aka sha farfesu, tana tambaya ko motar ba ta buƙatar wani abin daga waje kafin Sallah.